Sharhi: Damben keji ya shigo tsakar gida, amma malami bai biyo shi ba



Duk wanda ya ratsa fadojin samari a nan Junju bayan sallar isha'i, ko ya zauna rumfar mai cajin waya a Karakara ko Zabori ranar kasuwa, ya riga ya san abin da za mu yi magana a kai. Shayi na kan wuta, kawuna biyar ko shida sun haɗu kan salula guda, ana kallon wasu ƙarti biyu cikin keji suna naushi, suna shuri, suna kokowa, ɗaya ya kada ɗaya ya haye shi ya ci gaba da duka. Sunan wasan MMA. Haruffan na Ingilishi ne, ma'anarsu haɗakar dabarun faɗa: dambe, kokowa, shuri, murɗe gaɓa da shaƙe wuya, duk cikin wasa guda. Mu nan za mu kira shi damben keji.

Kallon faɗa ba sabon abu ba ne a garinmu. Iyayen waɗanga yaran sun biya kuɗin shiga gidan bidiyo don su ga Bruce Lee, kuma sun fito suna tsalle-tsalle a hanya. Abin da ya sake shi ne yanzu kallon ba ya tsayawa ga kallo. A YouTube da TikTok akwai ɗaruruwan mutane masu alkawarin koya maka wasan a ɗakinka, ba malami, ba kuɗi. Sai ka shiga gida ka tarar da buhu cike da rairayi rataye a reshen itace, yaro na dukansa da hannu tsirara. Bayan kwana kaɗan buhu ya gundure shi, sai ya nemi ƙanensa ko abokinsa, wani kuma ya riƙe salula yana ɗauka.

Tun da fari mu faɗi inda munka tsaya. Ba mu ga laifin saurayin da ke son ƙarfin jiki ba. Yaron da ya tashi da asuba yana gudu ya fi mana wanda ya kwana fada yana haɗiyar ƙwaya, nesa ba kusa ba. Amma wanga wasan kashi biyu ne. Akwai rabin da mutum zai iya koya shi kaɗai a tsakar gida, ya amfane shi har tsufa. Akwai rabin da in ya taɓa shi ba malami ba alƙali, to da ransa da na abokinsa yake wasa. Salula ba ta rarrabe masa su. Tare take zubo su.

Bari mu ɗan koma baya, don a san inda abin ya fito. Gasar UFC, wadda ita ce babba a wagga harka, an fara ta ranar 12 ga Nuwamba 1993 a birnin Denver na Amurka. A ranar ba ajin nauyi, ba a tilasta sa safar hannu ba, dokokin ba su taka kara sun karya ba. Wanda ya lashe, Royce Gracie ɗan ƙasar Barazil, yana cikin masu ƙaramin jiki a wurin, kuma ba da naushi ya ci ba, da dabarun kokowar ƙasa ne ya sa abokan gabarsa sunka miƙa wuya. Bayan haka jihohi da yawa na Amurka sun hana wasan, sai da anka zauna wajajen 2000 da 2001 anka tsara masa dokoki sannan ya dawo fili. Jihar New York ba ta halatta shi ba sai 2016. Faransa sai 2020. Ku duba fa: ƙasashen da motar ɗaukar marasa lafiya ke iso ƙofar gida cikin mintuna, su ne sunka yi shekaru suna jan ƙafa kafin su yarda.

Wasan da yaranmu ke gani yau yana da turmi uku, kowane minti biyar, ko turmi biyar in na kambu ne. Ana auna 'yan wasa, kowa da ajin nauyinsa. An hana ƙwaƙular ido, cizo, karo da kai, dukan ƙeya, dukan gaba, da shurin kan wanda ke kwance. Kafin mutum ya shiga keji likita ya duba jininsa da idanunsa. Alƙali na ciki, aikinsa guda shi ne ya faɗa tsakani da zarar ya ga ɗaya ya kasa kare kansa. Likita na zaune bakin keji, motar asibiti na ƙofa. Wanda anka sumar, ana dakatar da shi wata guda, ko biyu, ko fiye, ba wasa ba gwaji. Duk waɗanga ba sa fitowa a bidiyon daƙiƙa talatin da ke yawo a WhatsApp. Mai yanka bidiyo naushin ƙarshe yake nema, don shi ke kawo masa masu kallo.

To su wa yaranmu ke kwaikwayo, kuma su yaya sunka koya?

Kamaru Usman, haifaffen Auchi a jihar Edo ta Najeriya, ya ci kambun UFC a watan Maris 2019. Kafin ya taɓa shiga keji ɗan kokowa ne na makaranta a Amurka, shekara da shekaru ƙarƙashin malamai, har ya zama zakaran ajinsa a wani rukuni na gasar jami'o'i a 2010. Israel Adesanya, haifaffen Legas, ya yi wasa kusan 80 na damben shuri kafin UFC ta ɗauke shi. Habib Nurmagomedov na Dagestan, wanda samarinmu ke so ƙwarai saboda musulmi ne kuma ya bar wasa a 2020 da nasara 29 ba kaye ko ɗaya, shi kam gaskiya ne a gida ya fara. Sai dai mahaifinsa, Abdulmanap, malamin kokowa ne, kuma wurin horon yara yana cikin gidan nasu. Wato malamin ne ke kwana gida ɗaya da shi.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Umar Kane na Senegal, da ake kira Reug Reug. Ɗan kokowar gargajiya ne, na rairayi da kiɗa da laya, irin wadda munka sani. Ya shiga damben keji, kuma a watan Nuwamba 2024 a birnin Bankok ya karɓe kambun manyan masu nauyi na gasar ONE daga hannun Anatoly Malykhin ɗan Rasha. Masana wasan sun daɗe da lura da abu guda: wanda ya iya kokowa shi ke zaɓar inda za a yi faɗan. In ya so a tsaya a tsaye, ba mai kada shi. In ya so a je ƙasa, ba mai hana shi. Shi ya sa zakarun keji da yawa daga kokowa sunka fito.

A nan ne abin ke ba mu mamaki, har da ɗan takaici. Abin da waɗancan ke biyan kuɗi su koya a ɗakunan horo, mu gadonmu ne. Tun 1975 da anka fara gasar takobi a Tawa, wadda Yakuba Kantu na Maraɗi ya lashe, ba wasan da ke tsayar da Nijar cik awa kokowa. Jihohi takwas, kowace da 'yan kokowa goma, kwana goma kowa kunnensa na rediyo. Filin kokowa na Dosso sunan Salma Ɗan Rani yake ɗauke da shi. Kadri Abdu, wanda duniya ta sani da Isaka Isaka, ya kawo wa jiharmu takobi har sau shida, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023, kuma a watan Disamba 2024 Dosso ce ta karɓi baƙuncin gasar karo na 45. Yaron da ya tashi a wagga jiha ya ce ba shi da inda zai koyi kama mutum da kada shi sai salula, bai duba bayan gidansu ba.

Ku tuna yadda munka koyi kokowa. Bayan girbi, farin wata, dandali. Tsara da tsara ake haɗawa, ba a ba ɗan shekara goma sha biyu ƙato mai gemu. Kan rairayi ake yi, ba kan daɓe ba. Manya na zaune suna kallo, kuma da an kai mutum ƙasa magana ta ƙare, a ɗaga shi, a kaɗe masa ƙura. Wanda ya ci gaba da danne abokinsa bayan kaye, tun kafin ya isa gida labarin rashin kunyarsa ya riga shi. Ba wanda ya rubuta waɗanga a takarda, amma in kun duba da kyau, ajin nauyi ne, da katifa, da alƙali, da dokar tsayawa. Duk abin da Amurkawa sunka yi shekaru suna gardama kafin su sa wa wasansu, kakanninmu sun sa wa nasu tun da daɗewa.

Ko dambe, wanda 'yan uwanmu na tsallaken iyaka a Kabi da Sakkwato sunka riƙe, har ake yin sa a bikin kamun kifi na Argungu, yana da nasa shinge. Hannu guda ake naɗewa da kara, ɗayan garkuwa ne. Turmi uku ne. Da hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, sai a raba. Kuma ɗan dambe yana da ubangida da ya bi shekaru yana ɗaukar masa jaka kafin a sa shi gaban wani. Duk da haka, wanda ya taɓa zama gidan dambe ya ga haƙoran da sunka zube da muƙamuƙan da sunka goce. In mai shinge haka yake, ina ga marar shinge?

Kada kuma a ce mun ce kokowa da damben keji abu guda ne. Ba haka ba ne. Kokowarmu ba naushi cikinta, ba kamar ta Senegal ba da manyanta ke haɗawa da duka, kuma tamu tana ƙarewa daidai inda rabin damben keji ke farawa, wato a ƙasa. Shi kansa Reug Reug sai da ya koma ɗalibi, ya koyi kare fuska da numfashin turmi biyar a hannun malamai. Abin da muke cewa shi ne kokowa tushe ce, tana nan kusa, kyauta ce, kuma tana da masu tsawatawa.

Yanzu ga abin da ya sa munka ɗauko zancen, kuma muna roƙon iyaye mata su saurara da kyau, don su ke fara ganin yaro in ya shigo.

Ƙwaƙwalwar mutum tana zaune cikin ƙoƙon kai kamar kindirmo cikin rufaffiyar ƙwarya. Ba sai ƙwaryar ta fashe ba, girgiza kaɗai ta isa ta dama abin da ke ciki. Naushi a haɓa, ko faɗuwa ƙeya ta bugi daɓe, na iya tsinka wata jijiya cikin kai ba tare da ɗigon jini ya fito waje ba. Mugun abin shi ne wani lokaci yaro zai suma, ya farfaɗo, ya yi dariya, ya ci tuwo, ya kwanta, alhali jini na taruwa a hankali yana danne ƙwaƙwalwa. Abokansa ba za su faɗa ba, don tsoron faɗa. Shi ma ba zai faɗa ba, don kunya. To in kun ga yaro bayan irin wanga wasa yana amai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko yana maimaita tambaya guda, ko barci ya danne shi ba a iya tada shi sosai, ko hannu ko ƙafa guda ta yi sanyi, ko jini ko ruwa na fita kunne, ko ya yi farfaɗiya, ba batun a jira safe ba ne, kuma ba batun turare ba ne. A nufi gidan likita nan take, a kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiya cewa duka ne a kai. Ko da ba a ga waɗanga alamu ba, wanda ya suma ko ya ruɗe kada ya koma wasa sai bayan makonni, don duka na biyu kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba ya fi na farko haɗari.

Kun kuma san inda muke zaune. Daga ƙauye a kai ka ƙaramin gidan likita, daga nan a tura ka na gunduma, daga nan Dosso. In abin ya kai ga aikin kai, sai Yamai, kuma tsakanin Dosso da Yamai kaɗai kusan kilomita 140 ne, ban da tamu hanyar, ban da kuɗin mai, ban da halin tafiyar dare a 'yan shekarun ga. Ɗan wasan da ke cikin salula taku ashirin ne tsakaninsa da likita.

Na biyu shaƙa. Ita ce ta fi ruɗar yara, don ba jini, ba kumburi, kamar wasa. A gefen wuya akwai manyan jijiyoyi biyu masu kai jini ƙwaƙwalwa. In anka matse su daidai, cikin daƙiƙa goma ko ƙasa da haka mutum ya tafi. In anka ci gaba da riƙewa bayan ya suma, mintuna kaɗan sun isa su lalata ƙwaƙwalwa ko su kashe. A ɗakin horo abin da ake fara koya wa sabon shiga shi ne ya buga hannu a jikin abokinsa alamar ya sallama, shi kuma abokin ya saki nan take, kuma ba wanda ke ganin haka abin kunya ne. Zakarun duniya na yin sa kullum wurin gwaji. A fada kuwa, ga salula na ɗauka, ga tsara na ihu, wane saurayi ne zai yarda a gan shi yana sallamawa? Shi mai shaƙar kuma bai san abokinsa ya suma ba, don yana bayansa, ba ya ganin fuskarsa. Mu a ganinmu salular da ke ɗauka ta fi wadda ke koyarwa haɗari.

Na uku hannu. Rairayi in ya kwana biyu cikin buhu yana daskarewa a gindi ya koma kamar bango. Hannun mutum ƙananan ƙasusuwa 27 ne, kuma wanda ke bayan ƙaramin yatsa shi ke fara karyewa ga wanda bai iya dunƙule hannu ba. Wannan hannun shi ne zai riƙe hauya da damina, ya sari rake da rani. Karaya guda a watan Yuni ta isa ta sa gida ya nemi ɗan ƙwadago.

Sai ƙwaya. Ba ma ɓoye wa juna, tramol na yawo a ƙasar nan, kuma akwai masu shan ta don kada su ji zafin duka. Zafi kuwa shi ne ɗan saƙon da ke gaya maka ka tsaya. Ita kanta ƙwayar in ta yi yawa tana kawo farfaɗiya. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da anka haramta lokacin gasa tun 1 ga Janairu 2024, wato wanda ya saba da ita ya rufe wa kansa ƙofar da yake mafarkin shiga. Haka masu kwaikwayon rage nauyi, su sa rigar leda su yi gudu cikin rana ba shan ruwa. A watan Disamba 2015 wani ɗan wasa ɗan ƙasar Sin, Yang Jian Bing, mai shekara 21, ya mutu a Manila wurin irin wanga rage nauyi, har gasar ONE ta sake dokokinta saboda shi. Mu da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

To mene ne yaro zai iya yi a gida? Da yawa, kuma shi ne mafi yawan aikin ɗan wasa na gaskiya. Gudu da sassafe, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa. Tsallen igiya, igiyar guga ma ta isa. Tsugunno da tashi, danna ƙirji ƙasa da ɗagowa, rataya a reshe a ja jiki sama. Dambe da inuwa, wato naushin iska a hankali ana lura da taku, haɓa a ƙasa, hannu na komawa gadin fuska. Nan kam bidiyo na da amfani, kuma in za a ɗauki hoto, to a ɗauki wannan, mutum ya kalli kansa ya gyara. In buhu ake so, a cika shi da tsummoki ko buntun shinkafa, a naɗe hannu da ƙyalle tun daga wuyan hannu. Kwana uku ko huɗu a mako ya isa, jiki wurin hutu yake ginuwa. Abinci kuma ba sai na gwangwani da ake talla ba: fura da nono, wake, ƙuli-ƙuli, kifi in an samu, da ruwa mai yawa. Wanda ke jan ruwa a rijiya yana ɗaukar damin rake, rabin horon ya riga ya yi bai sani ba.

Inda za a ja layi shi ne inda jikin wani ya shigo. Ba naushi a kai. Ba shaƙa. Ba murɗe gwiwa ko kafaɗa. Ba ɗaga mutum a maka shi kan ƙasa mai tauri. Ba haɗa babba da ƙarami. In ana son gwada ƙarfi da wani, ga kokowa, kan rairayi, gaban babba. Wanga layin ma bai saɓa wa abin da malamanmu ke karantarwa ba: sun ruwaito kokowar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, da Rukana, sun kuma ruwaito hanin dukan fuska. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yi zama a 1987 ta haramta damben zamani saboda cutarwar da ke cikinsa, ta bar kokowar da ba cuta. Fatawa ba aikinmu ba ne, mai tambaya ga malamai nan, mun dai ambata don iyaye na yin tambayar.

Akwai kuma abin da ke ƙarƙashin duk wanga, wanda samari ba sa faɗa gaban manya: kuɗi da hanya. Sunan da ya fi yawo bakinsu shi ne Francis Ngannou na Kamaru. Yana yaro ya yi aikin haƙar rairayi a garinsu Batie. Ya bar gida yana da kimanin shekara 26, ya ratsa Najeriya, ya ratsa ƙasarmu, ya shiga Aljeriya da Maroko, ya gwada teku sau da dama kafin ya tsallaka Sifaniya a 2013, anka tsare shi wata biyu, ya kwana a titunan Paris. A watan Maris 2021 ya zama zakaran manyan masu nauyi na UFC. Labari ne mai daɗin ji, kuma gaskiya ne. Amma a Paris ba salula ta koya masa ba, ɗakin horo ya shiga, wani malami ɗan ƙasarsu, Fernand Lopez, ya karɓe shi, kuma shekara takwas ya yi kafin kambu. A shekarar da ya tsallaka ɗin nan, cikin watan Oktoba 2013, an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin ƙasarmu kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su. Hanya guda ce. Shi an san labarinsa, su ko sunayensu ba mu riƙe ba.

Kuɗin ma ba yadda ake zato ba ne. Sabon shiga UFC, wanda ya riga ya fi dubbai kafin ya kai nan, ana ba shi abin da bai wuce dala dubu 10 zuwa 12 ba a wasa, da kwatankwacinsa in ya ci. Dalar Amurka muke nufi, ba tamu ta sefa biyar ba, kuma mun san a kunnenmu kuɗi ne masu yawa. Amma wasa biyu ko uku yake samu a shekara, daga ciki zai biya malamai, da mai nema masa wasa, da haraji, da magani. Shi kansa Ngannou, yana riƙe da kambu ya bar UFC a farkon 2023 saboda rashin jituwa kan kuɗi da sharuɗɗa, cikinsu har da inshorar lafiyar 'yan wasa. A watan Maris 2024 kuma, a Riyad, Anthony Joshua ya sumar da shi a turmi na biyu na damben zamani. Gaba da gabanta. Bambancin shi ne likitoci na kansa kafin ya buɗe ido.

'Yan uwa na waje, nan zancen ya zo gare ku, don yawancin salular nan ku kunka aiko, kuma ku ake kira a ce a sayo safar dambe. Ba mu ce ku hana ba. Amma kafin ku aiko ku tambaya: da wa kake yi, a ina, wane babba ke wurin? Safar keji 'yar ƙarama ce, nauyinta bai fi gram 110 da 'yan kai ba, an yi ta don kare hannun mai duka, ba kan wanda ake duka ba. Wanda ya aiko ta ga yaran da ba su da malami, ya ƙara musu ƙarfin naushi ne kawai. Igiyar tsalle, takalmin gudu da ƙyallen naɗe hannu sun fi ta amfani. In kuma kun ga yaron da gaske yake, ya shekara yana tashi da asuba ba wanda ya tashe shi, to ku haɗa kuɗin ku nema masa kulob na gaskiya a birni, na dambe, ko judo, ko taekwondo, inda akwai malami mai takarda. Ta wannan ƙofar 'yan ƙasarmu sunka fita duniya. Isaka Dabore ya kawo tagulla a dambe daga wasannin Olimpik na Munich a 1972. Abdul Razak Isufu Alfaga ya kawo azurfa a taekwondo daga Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Lambobin Olimpik biyu da Nijar ke da su ke nan, duka a wasan faɗa, duka ta hannun malamai.

Mahukuntan kwaminoninmu uku, Junju, Karakara da Zabori, su ma da nasu. Ba mu roƙi keji ba, ba mu roƙi gini ba. Fili ne mai rairayi, yamma guda ko biyu a mako, da tsohon ɗan kokowa guda, da malamin motsa jiki na kwaleji, da ma'aikacin lafiya da zai zo ko sau ɗaya ya yi wa yaran bayanin duka a kai da bakinsa. Hani kaɗai ba zai yi ba. In anka kore su daga tsakar gida, bayan gari za su koma, inda ba mai ganinsu balle ya raba.

Da an kai gero rumbu dandali zai buɗe. Kafin nan muna son jin tsofaffin 'yan kokowa na wagga gunduma, waɗanda sunka taɓa ɗaura walki da sunan garinsu: wa zai karɓi yaran nan in mun tara su? Muna kuma son jin su samarin, su faɗa mana abin da munka kuskure. A aiko saƙon murya ta lambar gidan rediyo, ko a biyo ta ofis, za mu sa su a shirin wasanni, kuma wanda bai so a ambaci sunansa ba za a ambata ba.